Littafin da Ta Gudu da Shi

Ranar Lahadi, 7 ga Satumba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka shiga garin Michika da ke arewacin Jihar Adamawa. Gulak ta riga ta faɗa hannunsu 'yan kwanaki kafin nan, don haka duk yankin zaman ɗar-ɗar ake yi. A wani ƙauye da ke gindin duwatsun Mandara, ana tsakiyar sujada ƙarar bindigogi ta iso, jama'a suka watse ba a ko sa albarka ba. Cikin masu gudun akwai wata gwauruwa da ta haura shekara sittin, wadda ita ce ma'ajin Zumuntar Mata a ikilisiyar ƙauyen. Kafin ta kama hanyar dutse sai da ta ratsa ta gida. Ba ta kwance awakinta ba, ba ta leƙa rumbu ba, ko takalmi ba ta sauya ba. Abin da ta zaro daga ƙarƙashin katifa littafi ne irin na 'yan makaranta, mai bangon kwali, tare da ƙullin kuɗi a leda. Ta ɗaure su a ƙugu, ta rufe da zane, ta bi sahun mutane.

A cikin littafin akwai sunayen mata arba'in da 'yan kai. Gaban kowane suna an rubuta abin da mai shi ta bayar mako-mako, can baya kuma akwai shafin rance: wadda aka ba don kai yaro asibiti, wadda ta karɓa don sayen taki, da ranar da kowace ta yi alkawarin biya. Kuɗin da ke cikin ledar bai kai ya sayi akuya biyu ba.

Ta kwana a dutse, ta gangara da ƙafa zuwa Mubi, daga can mota ta kai ta Yola. A nan babban ɗanta, ma'aikacin banki a Abuja, ya same ta ƙafafu a kumbure. Da ya tambayi kayanta, ta nuna masa littafin.

"Mama, wannan kika tsaya ɗauka ana harbi?"

"Ai ba nawa ba ne," in ji ta. "Da nawa ne da na bar shi."

Ya tafi da ita Abuja da niyyar ta zauna ke nan. Shekara ɗaya da rabi suka yi suna jan wannan magana, shi yana lallashi, ita tana ƙirga watanni. Mai kallo daga nesa zai ce rigimar tsufa ce, ko kewar gida. Akwai wannan a ciki. Sai dai abin da take ambata kullum ba gonarta ba ce, ba kabarin mijinta ba, majami'arsu ce da matan da ke cikin littafin. Tambayar kuwa ta fi ƙarfin gida ɗaya: me ke ɗaure mutum da wata majami'a takamaimai, mai rufin kwano da bencin katako, har ya fifita ta a kan kwanciyar hankalinsa, alhali addininsa ya koya masa cewa Allah yana jin addu'a a ko'ina?

Ikilisiyar tata reshe ce ta Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria, wadda aka fi sani da EYN, kuma wani ɓangare na amsar yana cikin tushenta, nesa ƙwarai da Michika. A shekarar 1708, a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka shiga kogin Eder aka yi musu baftisma. Sun fito ne daga cikin masu ganin cewa ikilisiyoyin hukuma na wancan zamani sun yi sanyi, addini ya koma gado da al'ada. Yawancin abokan tafiyarsu sun tsaya a kan cewa zafin zuciya kaɗai ya isa, mai bi na gaskiya ba ya bukatar wata jama'a mai tsari da dokoki. A nan Mack ya raba gari da su. A ganinsa, akwai umarnin Almasihu da mutum ba zai taɓa iya cikawa shi kaɗai ba: ba ya yi wa kansa baftisma, ba ya wanke ƙafar ɗan'uwa in babu ɗan'uwan, ba ya yafewa in ba ya tare da mai ɓata masa rai. Wato tun ranar farko, wannan ƙungiya ta ɗauki zafin ibada ta ɗaure shi da zama cikin jama'a. Sun ƙi rantsuwa, sun ƙi ɗaukar makami, tsanani kuma ya kore su zuwa Pennsylvania a Amurka daga 1719.

Jikokinsu ne suka aiko Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida, ƙasar Bura, ranar 17 ga Maris, 1923. Makaranta ta biyo baya, da asibiti, da wurin jinyar kutare. Aikin ya bazu zuwa ƙasar Margi, ciki har da Lassa, garin da zazzaɓin nan ya samo suna a 1969 bayan wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan ɗin ta kamu da shi. Ya kai Chibok, ya kai ƙasar Kamwe ta su Michika. Wani abin lura a nan shi ne, a ƙauyuka da dama na ƙasar Kamwe ba Bature ne ya fara wa'azi ba. Mutanen gari ne da suka je Garkida neman maganin kuturta suka dawo da karatu da sabon addini, suka tara dangi a gindin bishiya. Majami'ar da ta tashi a haka ba ta da kamannin kayan aro. Kakan wane ne ya ba da filin, uwar wance ce ta yi yaɓen farko. Da yake kabilun suna da yawa, kowace da harshenta, Hausa ce ta haɗa su a wurin sujada, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa sunan ikilisiyar ma na Hausa ne, ko da yake kaɗan ne cikin 'ya'yanta Hausawa. A shekarun 1970 ta tsaya da ƙafarta, hedikwatarta kuma tana Kwarhi, kusa da Mubi.

Tsarin yana da matakai. Ƙaramin reshe sai ya nuna zai iya ɗaukar nauyin kansa kafin ya zama cikakkiyar ikilisiya, ikilisiyoyi su haɗu su yi gunduma, gundumomi su taru a babban taron shekara da ake kira Majalisa. Ba wata baitulmali a waje da ke ciyar da majami'ar ƙauye. Baikon ranar Lahadi, da ushiri, da dawa da gyaɗar da ake kawowa lokacin godiyar kaka, su ne abincin fasto da kuɗin kwano. Wanda ya san cewa in bai bayar ba rufin zai ci gaba da yoyo a kansa, kallon da yake yi wa ginin dabam ne da na ɗan kallo.

Ƙashin bayan wannan duka mata ne. Baƙo ya fi saurin ganin Zumuntar Mata a ranar biki: zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ana buga tulu ana kaɗa caki, murya ɗaya na bayarwa saura na amsawa har ƙura ta tashi. Yakan tafi da zaton cewa ya ga zafin ibadarsu. Rabin abin ya gani. Sauran rabin yana ranakun da babu kiɗa. A ƙauyen wannan dattijuwa, matan sukan haɗu sau biyu a mako don koyon waƙa da nazarin Littafi, su raba wa juna sharar majami'a, su san wa za ta kwana da mai jinya a asibiti, wa za ta ɗebo wa mai jego ruwa, wa za ta kai itace gidan rasuwa. In damina ta kama wata ba ta da mai taya ta noma, gayya ake yi mata. Ma'aji kuwa ita ce mai amsa tambaya a kan kowace naira a gaban kowa, ƙarshen kowane wata. Shekara goma sha ɗaya tana yi, da karatun ajin manya da ta samu a cikin majami'ar, lissafinta bai taɓa tashi da giɓi ba. Wanda ya yi aikin banki ya san nauyin wannan magana, ɗan nata ma ya sani, ko da yake bai taɓa haɗa aikin nata da nasa a zuciya ba sai daga baya.

Shekarar 2014 ta faɗa wa EYN fiye da kowace ikilisiya a ƙasar nan, don kuwa inda ta fi yawa nan ne tsakiyar wutar. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a makarantar Chibok ranar 14 ga Afrilu 'ya'yanta ne. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Michika a Satumba, sannan a ƙarshen Oktoba aka mamaye Mubi da hedikwatar Kwarhi kanta, shugabanni ƙarƙashin Rabaran Samuel Dali suka koma Jos da zama. A watan Yulin 2020, magajinsa Rabaran Joel Billi ya shaida wa manema labarai a Yola cewa an kashe musu mutum sama da 8,000, sama da 700,000 sun rasa matsuguni, an kuma ƙona ko rushe kimanin 300 daga cikin manyan majami'unsu 586. Wannan bala'i bai zaɓi addini ba. Musulmin yankin sun binne nasu ba adadi, harin da aka kai wani masallaci a Mubi da asubar 21 ga Nuwamba, 2017 kaɗai ya ci rayuka kusan hamsin. Amma ga mai son gane abin da ke riƙe Kirista da ikilisiyarsa, EYN ta zama wurin gwaji mai tsanani, domin an cire mata kusan duk abin da ake cewa shi ke jawo mutane.

Ɗan yana da nasa bayanin, irin na masu boko, kuma ba shirme ba ne. A wurinsa majami'ar ƙauye inshorar talaka ce. Inda gwamnati ba ta kai ba, ita ce banki, ita ce kotun sulhu, ita ce makarantar yaƙi da jahilci, ita ce mai ɗaukar gawa. Mace mai takaba tana manne da ita ne saboda ba ta da wani jingina. To, yanzu ga jingina ya samu: ɗaki da fanka, asibiti a kusa, jikoki a gaba. Me ya rage?

Wannan bayani yana da ƙarfi har zuwa ranar da majami'ar ta ƙone. Daga nan sai ya fara ɗingishi. Inshorar da ba ta da ko sisi, wadda shiga cikinta ke iya jawo wa mutum harsashi, ba mai hankalin da zai ci gaba da zuba mata kuɗi. Amma a sansanin Minawao da ke Kamaru, da unguwannin Yola, da gefen Jos da Abuja, 'yan gudun hijira sun riƙa kafa rumfar sujada tun kafin su gama kafa ta kwana, suna zaɓen dattawa, suna tara baiko daga cikin ɗan abin da aka raba musu. Mai karɓa ne kaɗai ke watsewa idan tukunya ta ƙare. Waɗannan sun saba da zama masu bayarwa, kuma bayarwar ce suka fi kewa.

Zaman Abuja ya fito da wannan fili. Ɗan ya fara kai ta majami'ar da yake zuwa, babba, mai na'urar sanyaya ɗaki da majigi, ana wa'azi da Turanci. Masu tarbar baƙi suka yi mata murmushi, suka ba ta kujera mai laushi. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa Lahadi uku a jere, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ba mugunta ba ce, ba su san ta ba ne. Sai ya sauya mata zuwa wata majami'ar EYN a birnin, inda ake sujada da Hausa, ta ji waƙoƙin da ta haddace, har ta haɗu da 'yan ƙasarsu. Ta dawo gida da fara'a, ya ɗauka magana ta ƙare.

"Yaya, Mama, ba ga irin taku ba?"

"Mutanen kirki ne. Amma suna da ma'ajinsu."

A wannan gajeriyar amsa akwai abin da littattafan nazarin zamantakewa kan yi shafuka suna kewayawa. Zafin ibada, in ana son ya daɗe, sai ya sami aiki. Shauƙin da mutum ke ji lokacin waƙa ko wa'azi gaskiya ne, amma kamar wutar kara yake, yana tashi da sauri ya mutu da sauri. Abin da ke mayar da shi garwashi shi ne a ɗora wa mutum wani nauyi da in ya sake shi zai faɗi ƙasa. A ƙauye, rashin zuwanta rami ne da kowa zai gani: ba a buɗe littafi ba, ba a ba da rance ba. A birni kuwa kujera ce kawai ta zauna ba kowa. Kiristoci suna da hoton da suke bayyana wannan da shi, daga wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Korintiyawa, inda aka kwatanta masu bi da gaɓoɓin jiki ɗaya. Ita ba ta iya jero ayoyin da lambobinsu ba, amma ta san cewa hannu ba ya amfani a aljihun wani.

Ba ta zauna haka nan ba. Ta sa jikarta ta koya mata neman lamba a waya, ta fara bin sunayen littafin ɗaya bayan ɗaya. Wance tana Yola wurin ƙaninta. Wance ta tsallaka Kamaru. Wance an gan ta a Jos. Gaban kowane suna takan sa a rubuta mata gari da lamba da jan biro. Wasu sunayen kuma gicciye ƙarami take zanawa a gefensu da hannunta, ta rufe littafin, ranar ba ta cin abincin dare. Kundin kuɗi ya rikiɗe ya zama rajistar warwatsattsu. Katin waya da ɗan ke saya mata don ta gaisa da dangi, kusan duk a nan yake ƙarewa, takan yi addu'a da mace a waya har kuɗin ya yanke.

Sai dai aiki kaɗai ma bai bayyana komai ba, domin ƙungiyar adashi ma tana da ma'aji, ba a kuma taɓa jin wanda ya koma bakin daga saboda adashi ba. A nan dole mai bayani ya ɗauki imanin mutane da muhimmancin da su suke ba shi. A wurinta, matan nan ba abokan hulɗa ba ne kawai, amana ce daga Almasihu, kuma hidimarsu ita ce hanyar da ƙaunarta gare shi ke samun jiki. 'Yan'uwa suna da wata al'ada da ke koyar da wannan ba da baki ba. Lokacin jibin Ubangiji, kafin a ci gurasa a sha ƙoƙo, sukan wanke wa juna ƙafa, maza da maza, mata da mata, bisa abin da sura ta 13 ta Bisharar Yohanna ta ba da labari Yesu ya yi wa almajiransa. Ba a zaɓen wadda za a durƙusa a gabanta, ta kusa da ke ita ce rabonki. A majami'ar da kowa ya san kowa, ta kusa da ke tana iya zama matar da kuka yi shekara kuna rigimar iyakar gona. An kuma hori wanda ke da ƙulli da ɗan'uwansa ya je su warware kafin ranar. Ita kanta ta taɓa wanke ƙafar matar da ta yi mata ƙazafin cin kuɗin Zumunta, ta goge da tawul, suka rungumi juna kowace na cije leɓe. Wanke ƙafar baƙo a babban birni abu ne mai sauƙi, ba ya cin komai a zuciya. Abin da take kewa shi ne wurin da ibada ke da tsada, don a can ne take gane ko da gaske take.

Wannan ɗabi'a ce ta sa mutanen EYN suka fahimci abin da Rabaran Lawan Andimi ya yi ba tare da an fassara musu ba. Shi ne sakataren gundumar EYN a Michika, kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar. Yana cikin waɗanda suka zauna da jama'arsu bayan an dawo, alhali kowa ya san hari bai ƙare ba. An sace shi a farkon Janairun 2020. A bidiyon da masu garkuwar suka fitar, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba, ya bar al'amarinsa a hannun Allah, ya roƙi a kula da iyalinsa. An kashe shi ranar 20 ga watan. Wata ɗaya bayan haka, ranar 21 ga Fabrairu, aka kai hari Garkida, inda labarin ya fara, aka ƙona majami'ar EYN. Duk da haka a watan Maris na 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100.

Adalci ne a faɗi cewa wannan zafin yana da inuwarsa, kuma ɗan bai yi kuskure ba da ya riƙa nuna ta. Nauyin ya fi sauka a kan waɗanda suka fi rauni. Mace mai sayar da ƙosai za ta ba da baiko, ta ba da na Zumunta, ta sayi zanen taro, ta ba da na gini, wani lokaci kuma ginin gasa ce tsakanin ƙauyuka, ba bukata ba. Horon ikilisiya yakan fi saurin kama yarinyar da ciki ya tona, ya tsallake namijin da ya yi shi. Waɗanda suka ga abin da ya fi ƙarfinsu suka ce ba za su koma ba, akan yi musu wani kallo, kamar bangaskiyarsu ce ta gaza, alhali wasunsu a gabansu aka yanka nasu. Koyarwar ƙin ramuwa ma, wadda shugabanni suka yi ta nanatawa, ba kowane matashi ne ya iya haɗiye ta ba. Sannan ƙaunar naka, in ba a yi hattara ba, takan zama katanga. Bayan an dawo Michika, zargi ya shiga tsakanin maƙwabta har ranar kasuwa ta rabu biyu, Kiristoci Asabar, Musulmi Lahadi, a garin da gida ɗaya kan ƙunshi masu addinan biyu. Gaskiya ne kuma daga cikin wannan ikilisiya aka sami irin su Dokta Rebecca Dali, wadda ƙungiyarta ta tallafa wa gwauraye da marayu ba tare da tambayar addini ba, da waɗanda suka kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira Musulmi da Kirista ke zaune tare. Wuta ɗaya ce, ta dafa a wani gida, ta yi ɓarna a wani.

Sojoji sun karɓe Michika a farkon 2015, mutane suka fara komawa kaɗan-kaɗan, ana ratsa kogi saboda gadojin da aka fasa. Ita sai gab da daminar 2016 ta ci nasara. Daren da za ta tafi, ɗan ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, kamar yadda yake yi yana yaro.

"Mama, don girman Allah. Shi ma fa yana nan Abuja."

"Yana nan mana, ɗana. Wa ya ce ba ya nan? Matan ne ba sa nan."

"In wani abu ya same ki fa?"

"In ya same ni, a can akwai masu wanke ni. Kai dai ka riƙa kira."

Bai ce ya yarda ba. Ya cika mata jaka da magungunan gwiwa, ya kai ta tasha da asuba, ya tsaya har motar ta fita.

Abin da ta tarar bango huɗu ne baƙi ƙirin, ba rufi, ciyawa ta fito a inda bagade yake. Gidanta ma haka, sai ɗaki ɗaya da ya tsira. Ana sujada a inuwar bangon, kowa da dutsen zamansa. Maza suna buga bulo, mata na ɗebo yashi da ruwa daga rafi kafin rana ta yi zafi, sannan kowa ya wuce gona, don wanda bai yi shuka ba a wannan watan ya san abin da ke jiransa.

A zaman Zumunta na farko ta buɗe littafin ta kira suna, kamar yadda aka saba. Mata goma sha tara suka amsa. Inda ta san mai sunan tana Yola ko Minawao, sai ta faɗi garin, a ce Allah ya dawo da ita lafiya. Inda akwai gicciye, takan ɗan dakata, sannan ta wuce. Da ta gama ta kwance ledar, ta zube kuɗin a kan zane, ta sa mata biyu suka ƙirga a gaban kowa. Ya yi daidai da abin da ke rubuce ranar Lahadin da aka gudu.

Sai aka zo shafin rance. Akwai bashin wata matashiya da ta karɓa don sayen taki makonni kaɗan kafin harin, sunanta kuma yana cikin masu gicciye. Shugabar Zumunta ta ce a soke, ai ba a bin mamaci. Kowa ya gyaɗa kai. Ma'aji ta riƙe biro ta kasa. Ta ce ita a iya saninta yarinyar nan ba ta taɓa cin bashi ba, in aka ja layi a kan sunanta, duk wanda ya buɗe littafin nan gaba zai ɗauka gazawa ta yi. Aka yi shiru. Can wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta ta ajiye naira hamsin, wata ta ajiye ashirin, wata ta ce ba ta da kuɗi amma za ta kawo mudun gyaɗa ranar kasuwa. Sai da aka yi zama uku kafin ya cika. Ranar da ya cika ta rubuta kwanan wata a gaban sunan, ta rubuta "ta biya", ta juya shafi, ta kira mai neman rance ta gaba.